Zauren Jira na Bole da Darasin da ke Cikinsa

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ko Abuja a jirgin Ethiopian Airlines, ko Guangzhou ya nufa ko Dubai, sai ya yada zango a filin jirgin sama na Bole da ke Addis Ababa. Birnin yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, shi ya sa baƙo ke cin karo da sanyi tun daga ƙofar jirgi.

A cikin ginin da aka faɗaɗa a 2019 akwai zauren hutawa na Cloud Nine, wanda kamfanin ya keɓe wa masu tikitin babban aji. Kujeru masu laushi da intanet da wurin cajin waya duk akwai su, amma waɗannan ana samunsu a kowane zaure irinsa a duniya. Abin da ya bambanta shi shi ne Habashawa sun ƙi ɓoye kansu. Ga injera, gurasarsu mai ɗan tsami da ake yi da garin tef, ga miya mai yaji, ga kuma gahawa da ake zubawa daga butar yumɓu zuwa ƙananan kofuna. Baƙon da bai taka cikin gari ba ya ɗanɗani ƙasar. Da dare zauren yakan cika, domin a lokacin ne jiragen Turai da Asiya da Amurka ke tashi ɗaya bayan ɗaya.

To, mai karatu, darasin ya wuce abinci. Wannan kamfani mallakar gwamnatin Habasha ne, ya fara jigila a 1946, kuma ya rayu a ƙarƙashin sarki Haile Selassie da mulkin soja da gwamnatocin da suka biyo baya, domin an bar ƙwararru suna tafiyar da shi. Namu, Nigeria Airways, an kafa shi a 1958, ya durƙushe a 2003. Kano ta ga saukar jirgin sama tun 1925, amma yau ɗan kasuwar Kantin Kwari sai ya kwana a kujerar wata ƙasa kafin ya isa kasuwarsa, kuɗin tikitinsa kuwa yana biyan albashin matuƙa da injiniyoyin wasu.

Zauren jira mai kyau ba a fara gina shi daga kafet da fitilu. Yana zuwa ne bayan jirage masu tashi a kan lokaci, da asusun da ba a taɓa shi, da shugabancin da ba ya sauyawa da sauyin minista. Masu yi mana alƙawarin sabon jirgin ƙasa su fara daga nan.