In mota ta fara ɓari a kan kwalta, a rage rediyo

Yau maganar tsofaffin motocinmu na kaya ce, masu ɗaukar gero, wake, riɗi da bisashe, mutane kuma zaune bisa kayan.

Duk wanda ya saba bin RN11 daga Magarya zuwa Damagaram ya san abin. Cikin gari mota lafiya lau take tafiya, amma da an hau kwalta allura ta kai 70 ko 80, sai ta ɗauki ɓari da gurnani, madubi na rawa, haƙora na haɗuwa. A hanyar ƙauye mai gargada ba a gane shi, don can komai girgiza yake. Kwalta ce ke tona asiri. In ka yi magana direba ya ce: "Malam, kwantar da hankalinka, halinta ne, in ta wuce 90 tana dainawa."

Na taɓa zama gaban wata Kanta da ta fara wannan ɓarin bayan mun wuce Bande. Direba ya miƙa hannu ya ƙara murya rediyo, kuma maimaicin shirinmu ne ake sakawa. Wato da muryata aka rufe kukan motar. Abin ya tsaya mini a rai, don mu ma'aikatan rediyo da kunne muke cin abinci. Shi ya sa na je wurin wani dattijon makanike, wanda ke gyara tun zamanin Berliet, na ce: "Baba, yaya ake gane inda ƙarar take fitowa?" Ya ce: "Ɗana, mota ba ta ƙarya. Tambaya uku za ka yi mata: a ina kake jin ɓarin, yaushe yake zuwa, me ke sa ya canza."

Ga yadda ya fasa mini.

In a hannu kake jin shi, sitiyari na karkarwa, to a duba gaba: taya da ba a yi mata ekilibraj ba, jant da rami ya lanƙwasa, ko rotil da ya yi sako-sako. In kuma a kujera da ƙasan ƙafa ne, a duba tayoyin baya da kardan, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya.

In ka ɗaga ƙafa daga mai ƙarar ta canza, ko ka ji "ƙwal" lokacin sa giya ko tashi, zargi kurwaziyo na kardan. A tsaya a fili, a kashe inji, a sa weji, a kama kardan a murɗa da hannu. In yana wasa, ko ka ga jan garin tsatsa a bakinsa, ya mutu.

In gurnanin yana ƙaruwa ko raguwa sa'ad da ka karkata dama ko hagu, rulma ne. Bayan tafiya a kusanta hannu ga tsakiyar kowace taya, wadda ta fi sauran zafi ita ce. A ɗaga ta da jak, a kama sama da ƙasa a jijjiga.

In sai an taka birki yake zuwa, a duba tambur ko faifan birki. In kuma mota na tsaye, ka ba ta wuta ta yi ɓarin, to ba taya ba ce, inji ne ko robobin da yake zaune a kai.

Kafin duk wannan, in ji Baba, a fara da abin da ba ya cin ko dala: notin taya da ya kwance, dutse da ya maƙale tsakanin tayoyin baya biyu, busasshen laka cikin jant, ko ƙullutu a jikin taya.

Me ya sa sai an yi gudu? A 80, tayar irin waɗannan motoci tana juyawa wajen sau 10 a daƙiƙa ɗaya, kardan kuwa ya ninka haka sau huɗu ko fiye. Shi ya sa ta taya girgiza ce, ta kardan kuwa gurnani ne mai shiga ƙashi. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin fizgar ninkuwa yake sau huɗu. Don haka wanda ya ce bayan 90 tana dainawa, jinta kawai ya daina yi, ƙarfen yana can yana ci. Ranar da kurwaziyo na gaba ya tsinke, kardan na iya faɗuwa ya caki kwalta, mota cike da mutane.

Ga masu sayen taya okaziyo: a gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Zanen taya na iya yin kyau alhali roba ta bushe, ga zafin kwaltar watan Afrilu.

Na san uzurin direbobi. Da yawa motar ba tasu ba ce, kuma in ta kwana garaji ranar Laraba, lodin Maigatari na Alhamis ya wuce su. Saboda haka ku Alhazai masu motoci, in direba ya ce mota na ɓari, kada amsa ta zama "lallaɓa ka je ka dawo". Kuɗin kurwaziyo ɗaya bai kai na ragon da ke cikin bodi ba, balle ran ɗan mutum.

Ku kuma fasinja, faɗa wa direba ya tsaya a duba taya ba rashin kunya ba ne. Direbobi, muna jin daɗin kuna saurarenmu, wallahi. Amma in ta fara ɓari, ku rage mu, ku saurare ta, ku sauka gefe.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.