Titans: Abin da fim ɗin Denzel bai gaya mani ba

DUK wanda ya san ni a zamanin da kaset ke tashe ya san ina da wani rauni guda ɗaya. In dai aka rubuta a farkon fim cewa labarin gaskiya ne, to shi ke nan an gama da ni, ba na sake tambaya. Haka na yi da fim ɗin Remember the Titans, wanda na karɓo a shagon haya na unguwarmu a shekarar 2002. Kwana ɗaya aka ba ni, na riƙe shi kwana uku, na biya tara ba tare da na yi ƙorafi ba.

Ga wanda bai kalla ba, fim ne na kamfanin Disney da ya fito a watan Satumba na 2000. Boaz Yakin ne darakta, Jerry Bruckheimer kuma furodusa. Denzel Washington ya fito a matsayin Herman Boone, baƙar fata da aka naɗa kocin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a makarantar sakandaren gwamnati ta T.C. Williams da ke garin Alexandria a jihar Virginia, a 1971. Will Patton ya fito a matsayin Bill Yoast, farar fata da ya sa ran samun kujerar amma aka mai da shi mataimaki. Yara farare da baƙaƙe suka haɗu a ƙungiya ɗaya ba mai son ganin wani. Daga baya suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, suka ci kofin jiha, gari ya haɗa kai. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne abotar Gerry Bertier da Julius Campbell, musamman inda Gerry ya yi haɗarin mota ana gab da wasan ƙarshe, ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, abokansa suka shiga fili suka ciwo kofin da ƙyar dominsa. Wallahi sai da na share hawaye, ina satar kallon maiɗakina kada ta gan ni.

Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina kula da wasanni a wata sakandaren gwamnati a bayan gari. Ban san adadin ɗaliban da na ba wannan labari ba. Duk lokacin da yaran unguwa kaza suka ƙi ba yaran unguwa kaza ƙwallo a fili, sai in tara su a gindin darbejiya in ce, "Ku zauna in ba ku labarin Titans." Kuma kullum da magana ɗaya nake rufewa: kofi guda ya kashe gabar gari guda. Shekara 22 ina faɗin haka, na kuma yarda da shi har zuciyata.

A ƙarshen 2024 Allah ya yi mani tafiya Amurka wurin ƙanwata da ke aure a can. Ikon Allah, a Alexandria suke zaune, garin da kogin Potomac ya raba da birnin Washington, inda mutane da yawa ke kwana su wuce babban birni aiki da safe. Babban ɗanta kuma a sakandaren garin yake, yana cikin masu tsere. Tun a mota daga filin jirgi na ce da shi, "Gobe sai ka kai ni T.C. Williams."

Yaron ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Kawu, ai babu makaranta mai wannan suna yanzu."

Ƙanwata ta yi dariya ta ce, "Yaya, bar shi ya kai ka ka gane wa idonka."

Washegari muka tsaya a bakin titin King. Ga gini nan ƙato, amma abin da ke rubuce a jikinsa Alexandria City High School ne. Ginin ma ba na zamanin su Boone ba ne, an rushe wancan, an buɗe wannan a 2007. Kai, ko tsohon yana nan ba zan gane shi ba, domin a jihar Georgia aka ɗauki fim ɗin. Na tsaya da kyamarar wayata a hannu kamar wanda ya je biki ya tarar an watse.

"Me ya sa aka sauya sunan?" na tambaye shi.

"Kawu, ka san wane ne T.C. Williams ɗin?"

Mai karatu, nan fa ake yin ta. Shekara 22 ina kiran sunan nan a gaban ɗalibai, ban taɓa tambayar kaina ko wane ne mai shi ba. Yaron ya faɗa mani abin da aka koya masu, na kuma shafe sauran kwanakina ina karanta abin da zan iya samu.

Thomas Chambliss Williams shi ne shugaban makarantun garin na kimanin shekara 30, har zuwa 1963, kuma mutum ne da ya tsaya kai da fata kan cewa kada ɗan baƙi ya zauna aji ɗaya da ɗan fari. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati, amma jihar Virginia ta yi ta jan ƙafa, shi ma ya taya ta. A 1958 wata mai dafa abinci a ɗaya daga cikin makarantun garin, Blois Hundley, ta shiga cikin iyayen da suka kai ƙara don a karɓi 'ya'yansu a makarantun farare. Williams ya kore ta daga aiki. Sai a 1959 ne yaran baƙaƙe na farko, su 9 kacal, suka taka makarantun farare a garin. Da aka gina sabuwar sakandare aka buɗe ta a 1965, sai aka raɗa mata sunan wannan mutum. Wato duk wani ɗan baƙi da ya sa rigar Titans ya ci wa makarantar wasa, sunan wanda bai so ya shigo ba yake ɗaukakawa.

Abu na biyu da ya girgiza ni: ba a 1971 aka fara haɗa farare da baƙaƙe a makarantar ba, kamar yadda fim ya nuna. A haɗe take tun ranar da aka buɗe ta. Abin da ya faru a 1971 shi ne an sake tsarin manyan sakandare uku na garin, wato T.C. Williams da George Washington da Francis C. Hammond. Aka kwashe duk 'yan aji biyu na ƙarshe aka zuba a T.C. Williams, sauran biyun suka riƙe ƙananan azuzuwa. To ka ga wanda ya tattara zaratan makarantu uku ya zuba a ƙungiya ɗaya ai ba marainiyar ƙungiya ya haɗa ba. Shi ya sa a shekarar suka buga wasa 13 suka cinye duka, a 9 daga ciki abokan karawarsu ba su samu ko maki ɗaya ba. Wasan ƙarshe da muka kalla zuciya na dukan uku-uku, a zahiri cin kaca ne: sun lallasa makarantar Andrew Lewis da ci 27 da nema a garin Roanoke. Wasan da suka sha da ƙyar, wanda suka yi da makarantar Marshall, a tsakiyar kaka aka buga shi. Marubucin fim ɗin, Gregory Allen Howard, shi ya ɗauko shi ya kai ƙarshe don ya riƙe mu a kujera. Makarantun da suka kara da su ma ba na farare zalla ba ne, su ma a haɗe suke.

Sai Gerry Bertier, wanda na yi wa kuka. Ya buga wasan ƙarshe da ƙafafunsa, an ci kofin da shi. Bayan an gama kaka ne, a watan Disamba na 1971, ya yi haɗarin da ya ajiye shi a keken guragu. Ya rasu a wani haɗarin motar a 1981. Shi kuma Koci Boone, wanda na ɗauka ya tsufa a kan kujerarsa ana yi masa tafi, an sauke shi a 1979 bayan zarge-zargen cewa yana gallaza wa 'yan wasa.

A daren da na gama haɗa waɗannan, na kasa cin tuwon da ƙanwata ta yi takanas domina. Ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce mata ji nake kamar na yi shekara 22 ina raba wa 'ya'yan mutane jabun kuɗi.

Amma kada in yi wa fim ɗin rashin adalci. Zaman ɗar-ɗar a garin gaskiya ne. A 1970 an harbe wani matashi baƙar fata a wani kanti, gari ya yamutse. Gaskiya ne an tsallake Yoast, wanda ya fi daɗewa yana shugabantar ƙungiya, an ba Boone, kuma ya haɗiye ya zauna ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Gaskiya ne an kai yaran sansanin horo a Gettysburg, inda aka gwabza babban yaƙin basasar Amurka a 1863. Abotar Gerry da Julius ma ba ƙage ba ce. Boone da Yoast da Julius duk a shekara ɗaya suka bar duniya, 2019. Abin da ba gaskiya ba shi ne abin da ni na ɗora a kai, cewa da aka ɗaga kofi sai magana ta ƙare.

Abin da ya ƙara tabbatar mani da haka filin wasan makarantar ne. Yaron ya kai ni wata Juma'a da dare, fitilu sun haske ko'ina kamar rana. Ya ce, "Kawu, fitilun nan sababbi ne fa." Ashe filin da aka gina makarantar a kai unguwar baƙaƙe ce tun asali, hukuma ta karɓe gidajensu a farkon shekarun 1960, aka tsugunar da su a gefe. Mazauna wurin suka ce an yi masu alkawari a lokacin cewa ba za a kafa fitilu a filin ba, don kada a hana su barci. Aka yi shekara da shekaru makarantar da duniya ta sani da ƙwallo ba ta da fitilun dindindin a filinta. Da hukuma ta tashi kafawa, suka kai ƙara, aka sasanta a 2020, fitilu suka kama a 2021. Filin kansa sunansa Parker-Gray, sunan tsohuwar sakandaren baƙaƙe ta zamanin wariya, wadda ta yaye Earl Lloyd, baƙar fata na farko da ya buga wasa a gasar ƙwallon kwando ta NBA, a 1950. Duk wannan babu ko ɗaya a kaset ɗina.

Sunan kuma fa? Sai a 2020, bayan zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, ɗalibai da iyaye suka matsa lamba, hukumar makarantu ta kaɗa ƙuri'ar cire shi. Sabon suna ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2021. Ka ƙirga da kanka: kusan shekara 50 tsakanin kofin da cire sunan. An dai bar wa ƙungiyoyin wasa sunansu na Titans.

Na tambayi yaron ko shi ma Gerry da Julius ne gwanayensa. Ya yi murmushi irin na wanda yake tausayin tsoho. Gwaninsa Noah Lyles ne, wanda ya gama makarantar a 2016, ya kuma ci zinare a tseren mita 100 na Olamfik a birnin Paris ranar 4 ga Agusta, 2024, cikin daƙiƙa 9.79. Tsakaninsa da Kishane Thompson na Jamaica kashi 5 ne cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Na dubi yaran da ke zaune a kan benci tare da mu, ga 'ya'yan Habashawa, ga na Afghanistan, ga masu jin Sifaniyanci, ga ɗan ƙanwata Bahaushe, kowa na ihu da sunan Titans. Na tuna matar nan mai dafa abinci da ta rasa aikinta a 1958. Ba wanda ya yi fim a kanta, ba ta ɗaga kofi ba, amma ƙofar da waɗannan yara suka bi suka shigo, tana cikin waɗanda suka fara tura ta.

A gaskiya da na so, da tuni na gane. Akwai shekarar da yarana suka ci kofin ƙaramar hukuma, aka ɗauko su a kafaɗa har bakin makaranta. Ba a yi sati biyu ba 'yan unguwannin nan biyu suka koma ba sa ga-maciji. Na ɗora laifin a kan yaran, na ce ba su kai su Gerry zuciya ba. Ashe ni ne na ɗora wa kofi kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wasa yana sa yaro ya san sunan ɗan'uwansa, ya san ana iya dogara da shi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sauran aikin na manya ne, a ofis da kotu da zauren taro, kuma ba ya ƙarewa cikin awa biyu.

Ban daina son fim ɗin ba. Da na dawo gida na sake kallonsa, kuma wurin asibitin nan ya sake kama ni duk da na san an sauya lokacinsa. Mai fim ɗan kasuwa ne kuma mai ba da labari, dole ya gyara miyarsa ta yi daɗi. Laifina ne da na ɗauki miyar a matsayin littafin tarihi. Shawarata ga 'yan'uwana masu kallo da masu karatu ita ce, in an ce maku labarin gaskiya ne, ku sha kallo lafiya, amma in an kunna fitila ku tambaya: wa aka bari a waje?

Har yanzu ina tara yara a gindin darbejiyar nan. Sai dai yanzu ba da Denzel nake farawa ba, da mai dafa abincin nake farawa. Rannan wani ɗan aji uku ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ita an mayar mata da haƙƙinta da aka ci kofin?" Na ce masa a'a. Ya yi shiru, sauran ma suka yi shiru. Tunda nake ba da labarin nan ban taɓa ganin sun saurare shi kamar ranar ba.