Dabarar hoton IRM ba likita ya ƙirƙiro ta ba

Duk wanda ya taɓa kai maras lafiya babban asibitin Damagaram ya san yadda jiki ke yin sanyi idan lokotoro ya ce radiyo ba ta nuna komai ba, sai an yi IRM. Nan take mutum ya fara lissafin buhun hatsi nawa zai fitar. Amma ba mu cika tambayar wa ya kawo dabarar na'urar ba.

Sunansa Paul Lauterbur, haifaffen garin Sidney a jihar Ohio ta Amurka, shekarar 1929. Shimi ya karanta, ilimin sinadarai, kuma tun yana yaro ya haɗa ɗakin gwaji a gidan iyayensa.

Kafin shi, masana sun san cewa in aka sa abu cikin maganaɗisu mai ƙarfi aka aika masa igiyar rediyo, haidurojin da ke cikinsa yana amsawa. Sai dai amsar ba ta faɗin daga wane wuri ta fito. A 1971, yana zaune a wani gidan abinci, ya zana dabararsa a kan takardar goge baki: a sa ƙarfin maganaɗisun ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan. Kamar kalangu ne, gwargwadon matsa tsarkiya gwargwadon sautin da zai fito. Kowane lungu na jiki sai ya amsa da muryarsa, tunda galibin jikinmu ruwa ne mai ɗauke da haidurojin, kwamfuta ta tattara muryoyin ta fitar da hoto. Ba wuƙa, ba hasken radiyo.

Hotonsa na farko ƴan bututu ne guda biyu cike da ruwa. Mujallar Nature ta ƙi takardar, ya nace, ta buga a 1973. Sai 2003 ya samu kyautar Nobel tare da Peter Mansfield na Ingila. Ya rasu a 2007.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaronmu ya samu bak, ya ce shimi ko fizik zai karanta, baffanni su taso: "Me za ka ci da shi? Ka yi likita mana!" Alhali na'urar nan tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwan heliyam mai sanyaya maganaɗisun, da masu iya gyaranta in ta tsaya. Waɗannan masu gyaran ba daga ajin likitanci suke fitowa ba.