Abin da Mita ke Faɗa a Gindin Ƙarfen Sabis

A Zamfara, wanda ya ji tsoron abin da ido ba ya gani ba za a kira shi wawa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, alhali ƙasar da suke wasa a kanta ko launi ba ta sake ba. Shi ya sa idan magidanci a Bakura ko Maradun ya tare ni, ya ce ƙarfen sabis ɗin bayan gidansa ne ke sa wa iyalinsa ciwon kai, ba na yi masa dariya. Mita nake ɗaukowa mu je tare.

Lantarki nake koyarwa a Talata Mafara, kuma mitar da muke awo da ita 'yar ƙarama ce, mai dunƙulallen kai. Ana riƙe ta nesa da jiki, daidai tsayin mutum, bayan kowa ya kashe wayarsa. Sai haƙuri, don lambar ba ta zama wuri ɗaya: da hantsi ta lafa, bayan Magariba, da gari ya ɗauki kira, ta ɗan ɗaga.

Wani dattijo a Bakura ya ja ni har gindin ƙarfen da kansa, ya dafa waya ta shingen yana leƙen mitar.

"Malam, anya ba ta lalace ba? Ai nan ne gindin abin."

"Baba, ƙalau take. Mu ɗan taka gaba."

Sai da muka yi nisa, wajen wani masallaci, sannan lambar ta motsa. Eriya kamar fitilar mota take, gaba take haskawa, ba ƙarƙashinta ba. Siginar kan sauko ƙasa ne bayan mita 50 zuwa 300, ga shi kuma duk nisan da ya ninka biyu, ƙarfinta kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ko a inda ta fi ɗagawa, ban taɓa ganin ta kusanci iyakar da hukumar ICNIRP ta duniya ta sa wa jama'a ba, wato bolt 41 a kowace mita a zangon megahaz 900. Masu hawa ƙarfen su yi gyara dab da bakin eriya, su kam dole a kashe musu ita.

Nan ne na ce dattijon ya kunna wayarsa ya kira ɗansa, na kara mitar a jikinta. Lambar ta yi tsalle, shi ma ya ja da baya. Waya ƙara ƙarfi take idan sabis ya yi rauni, kuma a kunne take manne. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar, a Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, masu hawa tudu suna farautar sanda ɗaya ta sabis sun fi maƙwabcin ƙarfe shan siginar. Rukunin "mai yiwuwa ta jawo cutar kansa" da hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wannan sigina a ciki a 2011 ma, daga bincike kan masu yawan kara waya a kunne ya taso.

Amma koken mutane yana da tushe. Janaretan ƙarfen kwana yake yana ruri, hayaƙinsa na shiga ɗaki, dizal na tsiyaya kusa da rijiya. Wanda bai runtsa ba ai dole kansa ya yi ciwo. Ƙa'idar hukumar muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce a bar mita 10 tsakanin ƙarfe da gidan zama, don haka yanzu har da tef ɗin magina nake tafiya. A gidan dattijon, daga gindin ƙarfen zuwa katangarsa bai cika goman ba, kuma wannan muka rubuta a takardar ƙorafin da ya sa wa hannu.