Kifi a Ɗaka, Danshi a Bango

A 'yan shekarun nan kiwon tarwada ya shigo ƙauyukanmu na arewacin Kano da ƙarfinsa. Daga Ɗambatta zuwa Minjibir da Bichi, matashin da ya gama karatu bai samu aiki ba yakan sayi tankin roba ko na tamfol, ya zuba 'ya'yan kifi, ya jira wata huɗu ko biyar. Ina goyon bayan wannan sana'a. Damuwata wurin da ake girke tankin ne. Yankinmu cike yake da jama'a, har masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi suna da nazarin cunkoson gonakinsa tun shekarun 1960. Inda kowane taƙi yake da mai shi, ga kuma tsoron ɓarayi, sai a kai tankin cikin wani tsohon ɗaki, ko a jingina shi da bangon soro.

Lissafin ba shi da wuya. Duk milimita 1 da ruwa ya ragu a tanki mai faɗin murabba'in mita 1, lita 1 ce ta zama tururi. Tanki mai mita 2 tsawo da mita 2 faɗi, idan ya ragu da milimita 3 kacal, ya saki lita 12 cikin iskar ɗakin. Da hunturu ba a jin komai, domin iska a bushe take, tana shanye duk abin da aka ba ta. Amma a watan Agusta, lokacin marka, iskar kanta a ƙoshe take da laima, sai tururin ya rasa mafita, ya kwanta a bango da azara da tufafi.

Na ga haka a gidanmu na gado. Wani ƙanena ya girke tankuna biyu a ɗakin da ke manne da wanda Inna take ajiye gyaɗa da wake. Kafin kaka yaɓen gindin bango ya fara zubewa, gara ta samu hanyar azara, buhunan gyaɗa suka yi fumfuna. Da na yi masa magana sai ya ce, “Yaya, ai ruwan a cikin roba yake, bai taɓa bango ba.” Inna kuwa cewa ta yi hancinta ya riga idonta sani.

Ginin ƙasa yana da ƙarfi muddin ƙafarsa a bushe take, shi ya sa magabata suke shafa makuba, suke fitar da indararo nesa da bango. Fumfunar gyaɗa kuma ba abin wasa ba ce. Ita ke haifar da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, kuma tana lalata hanta. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, ta danganta su da tari da ciwon asma. Yaran da ke kwana a irin wannan ɗaki su ne ke biyan kuɗin ribar da ba su ci ba.

A Turai masu ajiye kifin ado sukan rufe akwatin gilashin, su kunna na'urar tsotse laima. Mu da wutar lantarki ba ta zama, maganinmu tsari ne. A fitar da tanki tsakar gida ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa, a bar tazara tsakaninsa da kowane bango. A yi masa daɓen siminti mai gangara, a ja ruwan da ake canzawa da bututu zuwa gindin zogale ko gwaiba, domin taki ne, maimakon ya kwanta ya zama gidan sauro. Idan dole sai a ɗaki, to ya kasance mai tagogi biyu masu fuskantar juna, kuma kada hatsi ko shimfiɗar barci su haɗa bango da shi.

Ina kira ga malaman gona da masu sayar da 'ya'yan kifi su riƙa tambayar mai saye inda zai ajiye tankinsa kafin su faɗa masa yawan abincin da zai zuba. Kifin zagaye ɗaya wata biyar ne, ɗakin da kakanni suka gina kuwa ya ga damina hamsin. Bai kamata ribar na farko ta ci na biyu ba.