Wa Zai Hau, Ina Kuma Za A Bi?

Na san waɗansunku za su ce, me ya kawo zancen mota a filinmu, alhali ga batun girki da reno da ɗinki ba mu gama ba? To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Ni ma a da na ɗauka sha'anin mota na maza ne, namu kurum a buɗe mana ƙofa mu shiga. Wata tafiya da na yi ita ta sauya mini ra'ayi.

Mahaifinmu makanike ne a Kaduna. Ya ƙware a kan Volkswagen ɗin nan mai ƙirar kunkuru, wadda aka soma harhaɗawa a Ikko cikin 1975, mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. A bangon garejinsa akwai wata kalanda da shekararta ta wuce tun kafin a haife ni, amma ya ƙi cire ta, saboda hoton wata jar motar tsere da ke jiki. Sunanta Porsche 911, ƙirar birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. Baba ya kan ce jikar kunkuru ce, kuma da gaskiyarsa, gama Ferdinand Porsche shi ya tsara kunkuru, jikansa kuwa, Ferdinand Alexander Porsche, shi ya zana siffar wannan. An fara nuna ta a Frankfurt cikin 1963 da suna 901, sai kamfanin Peugeot, watau masu Fijo, suka ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasu ce, kamar 404. Aka cire sifiri aka sa 1. Duk wannan a bakin Baba mu ka ji, shi da bai taɓa riƙe sitiyarinta ba.

Babban wanmu likita ne a arewacin Ingila. A dogon hutun da ya wuce ya aika Baba ya je a yi masa aikin gwiwar hagu, aka ce ni in raka shi, tun da makaranta na rufe. Mu ka tarar Yaya ya shirya sayen motar kalanda. Ku sani a can tsohuwar mota irin wannan ba ta raini ba ce, ta kan fi wata sabuwar tsada. Shekara da shekaru a ke tara kuɗin a gidan, kuɗin da zai gina gida a Kaduna. Wadda ya ke nema ita ce samfurin da a ke kira 964, wanda aka ƙera daga 1989 zuwa 1994. Injinsa lita 3.6 ne, silinda 6 a kwance, uku dama uku hagu, ƙarfin doki 250, har yanzu kuma fanka ke hura masa iska kamar na kakarsa.

Mai sayen wannan mota tilas ya yanke shawara biyu. Ta fari, waɗanne ƙafafu ne za su ja ta? Akwai Carrera 2, wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja. Akwai Carrera 4, wadda duk huɗun ke ja, kashi 31 cikin ɗari na ƙarfin a gaba, 69 a baya. Dalili kuwa shi ne injin yana can bayan ƙafafun baya, nauyi ya rinjaya wajen wutsiya. Ku duba amalanke da aka jibge wa kaya a ƙarshensa. In direba ya shiga kwana da gudu, sa'an nan ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, baya na iya juyowa ya nemi wuce gaba. Mai jan ƙafa huɗu ta fi kama ƙasa a kan santsi. Amma ba kyauta ba ne. Ta fi 'yar'uwarta nauyi da kilo 100, watau babban buhun masara guda, ga ƙarin ƙarafa da bututun mai a ƙarƙashinta, waɗanda duk tsufa ke kama su. Cikin wannan shawara har wa yau akwai batun giya: ta hannu mai hawa biyar da kuloci, ko mai canja kanta, mai hawa huɗu, wadda su ke kira Tiptronic. Ku riƙe wannan, domin zai dawo: Tiptronic a Carrera 2 kaɗai aka sa ta.

Shawara ta biyu, wane irin rufi? Akwai Coupé, mai rufin ƙarfe rufe ruf, ita ta fi ƙarfin jiki da shiru. Akwai Cabriolet, mai rufin zane kamar tamfol, a danna maɓalli ya naɗe baya, wadda aka soma sayarwa cikin 1983. Akwai kuma ta tsakani, watau Targa, mai baka na ƙarfe a bayan kan direba, a cire tsakiyar rufin da hannu a ninke a sa a but. An fito da ita cikin 1965, sa'ad da a ke tsoron Amurka za ta hana motoci marasa rufi, aka ba ta sunan wata tseren mota da a ke yi a tsibirin Sisili, watau Targa Florio.

Yaya dai ya riga ya gama shawara da zuciyarsa: ƙafa huɗu, giyar hannu, rufin zane, ja wur kamar ta kalanda. Bayan Baba ya soma takawa da sanda, mu ka shiga yawon gani.

Ta fari Cabriolet ce. Aka ce in shiga baya. Jama'a, wannan kujera ta yara ce, gwiwata har haɓa! Mai motar ya naɗe rufi, mu ka hau hanya. Ba mu yi mil guda ba iska ta fizge mini gyale, da ƙyar na cafko shi, na riƙe kallabi da hannu ɗaya, ƙofa da ɗaya. Yaya kuwa sai murmushi ya ke yi yana duban masu tafiya a ƙasa. Kafin mu komo yayyafi ya sauko, kamar yadda ya saba a ƙasar. Da aka ɗaga rufin sai na ga tagar baya ta roba ce, ta yi rawaya, ba a ganin kome sosai.

Ta biyu Targa ce. Baba bai ce uffan ba, ya sunkuya da ƙyar ya cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ya fito da shi a jiƙe. Robar da ke bakin rufin ta tsufa, ruwa na bi. Ya ce ba laifin mota ba ne, robar shekara talatin ke nan, ana iya sakewa, amma duk rufin da a ke cirewa a mayar sai mai shi ya zauna da shirin yi masa hidima. Ya tambayi Yaya inda motar za ta kwana. Yaya ya ce a ƙofar gida, don ba shi da gareji. Baba ya gyaɗa kai kurum.

A nan ne na lura da wani abu. Baba ya roƙi mai motar ya zauna a kujerar direba. Na ga ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci ya danna, ya ƙi zuwa ƙasa, ya cije leɓe, ya janye ƙafar a hankali don kada mu gani. Ya shafa sitiyari ya fito. Da dare na gaya wa Yaya a gabansa, sai Baba ya ce, "A'a, Malama. Ba a sayen mota don baƙon wata biyu. Ku bar ni daga lissafi." Na yi shiru.

Kashegari muna ɗakin girki da matar Yaya. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta dawo daga aikin dare ke nan, tana tuƙa tuwo idonta na lumshewa. Na ce, "Anti, ke wacce ki ka fi so cikin motocin?" Ta yi dariya ta ce, "Ni? Ai ko wacce aka saya, kallo ne nawa." Ashe a dokar Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da mota mai canja giya da kanta, lasisinsa bai ba shi ikon tuƙa mai kuloci ba, irin nata ke nan. Na ce, to kuɗin fa? Ta ce wajen rabi daga albashinta ne, na aikin dare da na ranakun hutu. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "Burinsa ne tun yana yaro. Kada a ce matarsa ta tsaya masa a gaba."

'Yan'uwa, wannan magana ta tsaya mini a rai. Mace ta yi shekaru ba ta barcin kirki, za a sayi abu da guminta, an yi mako uku ana gardamar ƙafa biyu da ƙafa huɗu, ba wanda ya juya ya ce mata, ke fa? Har ni da na ke mace ban tambaye ta ba sai ran nan. Ba kuwa mugunta ce ta Yaya ba, mutumin kirki ne. Bai dai taɓa kawowa a ransa ba, ita kuma kunya ta rufe mata baki.

Ƙanwa ba ta tsare wa da gardama, saboda haka na kai maganar wurin Baba. Bayan sallar isha'i ya kira su duka biyu. Ya ce, "Likita, tambaya biyu gare ni, irin wadda na ke yi wa mai son sayen mota a gareji. Wa zai hau, ina kuma za a bi?" Yaya ya ce shi da iyali, ran Asabar da Lahadi, cikin ƙauyuka. Baba ya ce, "Za ka fitar da ita cikin dusar ƙanƙara?" Yaya ya ce haba, ai lokacin ne a ke watsa gishiri a kan titi, gishiri kuwa yana cin ƙarfe, ba mai fitar da tsohuwar mota. Baba ya ce, "To, buhun masarar nan da za ka ɗora mata, na mene ne? Wanda zai hau kullum, damina da sanyi, shi ƙafa huɗu ta dace da shi, ban raina ta ba. Kai kuwa za ka biya kuɗin gyaran abin da ba ka mora." Sa'an nan ya juya ya ce, "'Yata, ke za ki tuƙa?" Ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da ta faɗa mini.

Yaya ya yi jim. Can ya ce masu sha'awar irin motar nan suna raina Tiptronic, ba ta kai ta hannu zafin tashi ba, ran sayarwa kuma kuɗinta ya kan kasa. Baba ya ce, "Ran saye ma ai ya kasa. Su masu rainin, nawa suka sa a cikin asusun?" Yaya ya yi dariya, amma na ga kunya ta kama shi. Ya dubi matarsa ya ce ta gafarta masa.

Daga nan sauran shawara ta warware kanta. Tun da Tiptronic za a saya, tilas Carrera 2. Tun da a waje za ta kwana, ga yara biyu da za su zauna a baya, ga ruwan sama ba fashi, sai Coupé. Anti da kanta ta ce a nemo mai 'yar taga a rufi, don maigida ya riƙa samun iskarsa. Aka samu ta 1991, shuɗiya mai duhu, ba ja ba. Baba ya sa aka ta da injin da safe yana sanyi, ya kasa kunne, ya leƙa ƙarƙashi ko baƙin mai na ɗiga, ya sa aka karanta masa takardun gyaranta ɗaya bayan ɗaya, kana aka kai wa wani gwanin irin motar ya sake dubawa. Ran da aka biya, Anti ce ta tuƙo ta gida, Yaya na gefe.

Ba zan ɓoye muku ba, in rana ta fito sarai Yaya ya kan dubi rufin ya yi ajiyar zuciya. Kowane zaɓi da abin da a ke bari. Amma motar ba ta zama kishiya a gidan ba, ta su biyu ce. Saura kwana uku mu taso kuwa, wani abokin Yaya ya ba mu hanyar cikin gonarsa. Tun da ba kuloci, gwiwar hagu ba ta da aiki. Baba ya ja motar kalanda a hankali, ya je ya dawo sau biyu. Da ya fito bai ce kome ba, sai ya ciro hankici.

Na san yawancinmu ba za mu taɓa sayen Porsche ba, ni ma albashin malanta bai kai ko taya ba. Amma kowane gida a kan sayi babban abu, ko keken ɗinki, ko babur, ko fili, sau da yawa da kuɗin adashinki a ciki. Kada ki ce ba ki san inji ba. Tambayoyin Baba ba su bukatar sifana: wa zai yi aiki da shi, a ina, ina zai kwana, wa zai gyara? Ki yi su cikin ladabi, a lokacin da ya dace, tun ba a biya ba. Ku kuma maza masu leƙen filinmu, mun san kuna nan, ku riƙa juyawa kuna cewa, ke fa? Magabata sun ce shawara ɗaukar ɗaki.

Wadda ta taɓa yin shiru irin na Anti, ko ta yi magana ta ga amfani, ta rubuto mana mu ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.