Ziyarata Lakwaya Ran Awon Ciki

Da hutun makaranta ya zo sai na kama hanyar Gwarzo daga Kano, muka wuce Janguza da Rimin Gado, dawa duk ta yi kai, har na sauka Lakwaya wurin ƙanwata mai ciki wata huɗu. Kashegari na raka ta awo.

Mata sun cika rumfa, kowace da katinta. Aka ba ƙanwata kwalba ta kawo fitsari, ma'aikaciya ta tsoma wani ɗan tsinken takarda, bayan minti 2 ta ce lafiya lau. Ƙanwata ta ce, "Yaya, kin ji ko? Mu tafi." Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don na ga tun safe ta ke ɗirkar ruwa.

To 'yar'uwa, bari in gaya miki dalili. Akan sami mai juna biyu da ƙwayoyin cuta a mafitsara, ba zafi ba zazzaɓi. In an ƙyale su sai su hau ƙoda, har su jawo haihuwar bakwaini. Wani likita a Amurka, Edward Kass, shi ya nuna haka a 1960.

Tsinken nan yana da araha da sauri, amma yakan yi kuskure. Abin da ya ke nema ba ya taruwa sai fitsari ya yi kamar awa 4 a mafitsara, wasu ƙwayoyin kuma ba sa yinsa sam. Watau in ya ce akwai cuta, yawanci akwai. In ya ce babu, kada ki saki jiki. Wanda ya fi shi shi ne a shafa fitsarin a gilashi, a rina, a duba da madubin likita, dabarar da Gram mutumin Denmark ya fito da ita tun 1884. Babban gwajin kuwa raino ne: a zuba fitsarin a faranti mai abincin ƙwayoyin, a jira kwana ɗaya ko biyu, a ƙirga. In sun kai 100,000 a mililita guda, cuta ta tabbata, sa'an nan a gwada maganin da zai kashe su. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce raino ne kan gaba, in babu shi a yi rini, tsinke ya zo ƙarshe.

Wahalar mutanen ƙauye ita ce nisa, don fitsari in ya wuce awa 2 ba sanyi ya ɓaci. Saboda haka na roƙi mijinta, muka yi sammako zuwa birni, ta zubar da na farko ta tari na tsakiya. Ran nan na uku sakamako ya fito, ashe akwai. Aka rubuta mata magani na kwana 7, na tsaya Lakwaya har ta shanye.